Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'ar Zango, iyaye da 'yan'uwa, na nan Waga 2000 da na sauran unguwannin Wagadugu, da na Bobo da Dori da duk inda wannan rubutu ya iske ku.

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun shayi da shafukan sada zumunta, wadda ta fara da raɗa, yanzu kuma ta kai ana faɗinta da ƙarfin hali. Masu ita suna cewa tun da ƙasa na cikin yaƙi, kuma kowa na ba da nasa, to duk ɗan wasan da ya ciwo lambar yabo ko kyautar kuɗi a gasar duniya, kamata ya yi ofishin lamho ya tare shi tun daga bakin ƙofa, ya ƙiyasta abin da ya zo da shi, ya yanki rabonsa kamar yadda yake yankar albashin ma'aikaci. Suna kiran wannan adalci. A wurina kuskure ne da ya ari rigar adalci, kuma ya dace a amsa shi tun bai yi ƙarfin da zai shiga kunnen masu tsara dokar kuɗi ba. Matsayina a fili yake. Lambar yabo da kyautar da ƙasa ta ba ɗanta don girmamawa, kada haraji ya kusance su. Kuɗin da ya ci a gasa, a sassauta masa a kansu. Kuɗin talla da kasuwanci kuwa, ya biya kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke biya.

Don kada mu yi gardama a kan iska, bari mu kama sunan mutum, domin a ƙasar nan idan aka ce lambar Olamfik mutum ɗaya ake nufi. Ƙasarmu ta fara halartar gasar a 1972 a birnin Munik na Jamus, tana amsa sunan Haute-Volta. Daga nan har shekara 49 ba ta ga lamba ko ɗaya ba. Sai ranar 5 ga Agusta 2021, ranar da ƙasa ke cika shekara 61 da samun 'yancin kai, Hugues Fabrice Zango ya yi tsallen mita 17 da santimita 47 a Tokiyo, ya karɓo lambar tagulla. Wasansa shi ne tsalle uku a jere: mutum ya rugo da gudu, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, ya taka da ɗayar, sannan ya dira cikin rairayi. Kafin Tokiyo ya ci tagulla a gasar duniya ta Doha a 2019. A watan Janairun 2021 ya yi mita 18 da santimita 7 a rufaffen fili a Faransa, ya zama mutum na farko da ya wuce mita 18 a cikin ɗaki. Ya ci azurfa a 2022 a Amurka, zinariya a Budafest a 2023, ya ƙara wata zinariyar ta cikin ɗaki a Glasgo a 2024. Ba ɗan zangonmu ba ne, suna ne ya zo ɗaya, amma ranar da tutar ƙasa ta hau sama saboda shi, babu gidan da bai yi murna ba a unguwar nan.

To, wa ya ɗauki ɗawainiyar wannan tsalle? An haifi Zango a Wagadugu a 1993, nan ya fara, amma tsallen nasa ya nuna ne a Faransa, inda ya tafi karatu, yana raba yininsa tsakanin ɗakin bincike da filin horo, har ya kammala digirin dakta a fannin lantarki a jami'ar Artois a ƙarshen 2023. Wanda ya horar da shi, Teddy Tamgho, Bafaranshe ne wanda shi ma ya ci gasar duniya a 2013, kuma bajintar da Zango ya karya a 2021 ta maigidan nasa ce. Ba ina cewa ƙasa ba ta taɓuka kome ba. Akwai ma'aikatar wasanni, akwai asusun raya wasanni, kuma an karrama shi da ya dawo. Sai dai mai gaskiya ya san wanda ya fi shan wuya. A shekarar nan ta 2021 da aka ciwo lambar, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta hana buga manyan wasanni a filin 4 ga Agusta saboda halin da yake ciki, har ƙungiyarmu ta Étalons ta koma karɓar baƙinta a Maroko. Ƙasar da babban filinta ke cikin wannan hali a ranar da ɗanta ya ɗaga tutarta, idan ta miƙa hannu ga abin da ya samo, Bahaushe ya riga ya raɗa wa abin suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban ruɗanin masu wancan ra'ayi shi ne sun zuba abubuwa huɗu a ƙwarya ɗaya suna kiransu da suna ɗaya. Akwai ita kanta lambar da ake ratayawa a wuya. Akwai kyautar da gwamnati ke bai wa ɗan ƙasa idan ya dawo. Akwai kuɗin da masu shirya gasa ke biya. Akwai kuma kuɗin da kamfanoni ke ba shi don ya tallata musu takalmi ko waya ko banki. Kowanne da asalinsa, kowanne kuma da hukuncinsa, kuma wanda bai rarrabe su ba zai zalunci ɗan wasa a wani wuri, ya zalunci baitulmali a wani.

Mu fara da lambar. Jama'a da yawa suna zaton lambar zinariya curin zinariya ce. Ta gasar Faris ta 2024 nauyinta giram 529, amma zinariyar da ke jikinta giram 6 ce kacal, shafe ne. Mafi yawanta azurfa ce, da ɗan guntun ƙarfe giram 18 da aka ciro daga hasumiyar Eiffel. Ta tagulla irin wadda Zango ya karɓo a Tokiyo kuwa jan ƙarfe ne da ɗan gami, wanda aka narko daga tsofaffin wayoyi da kayan lantarki da mutanen Japan suka tara. Da za a kai ta wurin maƙera a auna a matsayin ƙarfe, kuɗinta ba zai sayi buhun shinkafa ba. Masu ilimin zakka su yi lissafi su gani: nisabin zinariya wajen giram 85 ne, na azurfa wajen giram 595, don haka ko lambar zinariyar ma, idan an haɗa zinariyarta da azurfarta, ba ta cika nisabi ba. Darajar lamba tana ga abin da take shaidawa, kuma wannan darajar ba ta zama kuɗi sai ranar da talauci ya tilasta wa mai ita ya sayar. Duk dokar da ta ƙiyasta wa lamba farashi ta nemi kaso, tana tura mai ita ne zuwa ga wannan rana ta kunya.

Kada wani ya ce ai babu ƙasar da za ta yi haka. Amurka ta yi. Har zuwa 2016 hukumar harajinta tana lissafa kuɗin kyautar Olamfik da ƙimar ƙarfen lambar cikin abin da mutum ya samu a shekara. Sai a watan Oktoba na shekarar, bayan gasar Riyo, shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta yafe wannan haraji ga duk ɗan wasan da samunsa na shekara bai wuce dalar Amurka miliyan ɗaya ba. A lura da hikimar iyakar: an yafe wa mai kokawa da mai jifan mashi waɗanda ba su da kome sai lambar, an bar attajiran 'yan ƙwallon kwando su biya. Ƙasar da ta fi kowa yawan lambobi ke nan ta ga abin bai dace ba ta gyara.

Na biyu, kyautar ƙasa. Kwamitin Olamfik na Duniya ba ya biyan ko sisi ga wanda ya ci. Kowace ƙasa ce ke saka wa nata. Amurka na ba da dala 37,500 ga zinariya, 22,500 ga azurfa, 15,000 ga tagulla. Faransa a 2024 ta ba da yuro 80,000 da 40,000 da 20,000. Na farkon ya haura sefa miliyan 52. Amma Faransa ta sa kyautar cikin abin da ake biya wa haraji, iyakar rangwamen shi ne a rarraba lissafin a kan shekara huɗu. Shekaru suna ta kai-komo a kan batun, wata gasar a yafe, wata a karɓa, kuma 'yan wasansu sun sha kokawa. Ina jan hankali ga wannan misali musamman, domin tsarin harajinmu da kalmominsa daga can muka gado su, kuma hannun mai kwafi yakan kwafo har da kuskuren allon da ya duba. A lokacin da ƙasar nan ke sake duba abubuwa da yawa da ta gada daga Faransa, wannan na daga cikin waɗanda bai kamata a ɗauko ba ko da wasa.

A al'adarmu idan sarki ya aiko wa mutum da riga, wanda aka ba yakan ba ɗan aike tukuici, da son ransa, gwargwadon halinsa, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. Ba a taɓa jin sarki ya yi wa mutum kyautar riga da hantsi a gaban jama'a, da maraice ya aiko dogari a yanko hannun rigar ba. Gwamnatin da ta sanar da kyautar miliyan 20 a gaban 'yan jarida, sannan ta karɓe biyar a ofis inda ba mai gani, ta ci yabon miliyan 20 da kuɗin miliyan 15. Idan 15 take iya bayarwa, ta faɗi 15, ba wanda zai zarge ta, domin kowa ya san halin da ake ciki. Kuɗin daga baitulmali suka fito, zuwa baitulmali za su koma. Abin da kawai aka ƙaru da shi a wannan zagaye shi ne takardu da ɓacin ran wanda aka ce ana girmamawa.

Na uku, kuɗin gasa, kuma a nan ne masu wancan ra'ayi suke da ɗan abin kamawa, domin wannan kam sakamakon sana'a ne. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta biya dala 70,000 ga zinariya a Budafest a 2023, 35,000 ga azurfa, 22,000 ga tagulla. A Faris a 2024 ta fara biyan dala 50,000 ga duk wanda ya ci zinariyar Olamfik a wasanninta, ta kuma yi alkawarin haɗawa da azurfa da tagulla a gasar Los Anjeles ta 2028. A 2023 dala 70,000 ta haura sefa miliyan 40, kuma mai jin adadin zai ce ai wannan ya yi arziki. Amma a tambayi shekara nawa aka yi ana noman wannan damina ɗaya. Daga cikin kuɗin ne za a sallami mai horarwa da wakili da mai gyaran jijiya, a biya jirgi da masauki na gasannin da aka je ba a ci kome ba, a biya likitan gwiwa da na diddige, domin tsalle uku wasa ne mai cin gaɓoɓi. Sana'ar kuma gajeruwa ce. Wanda ya haura shekara 30 ya fara jiyo ƙamshin gida, kuma ba wanda ya yi masa tanadin fansho.

Ga inda zaluncin yake ɓuya. Harajin samu hawa-hawa ne, gwargwadon yawan abin da ka samu a shekara, gwargwadon girman kason da za a cire. Mu ƙaddara mutum biyu. Na farko ya samu miliyan biyar kowace shekara har shekara takwas. Na biyu ya yi shekara bakwai yana cin bashi, a ta takwas ya samu miliyan 40 a dunƙule. Abin da ya shiga hannunsu ɗaya ne, amma ma'aunin shekara ɗaya zai ɗauki na biyun attajiri ya ɗora masa kaso mafi nauyi. Manomi ya san wannan: ba a auna arzikin gona da shekarar da aka yi albarka kaɗai. Daɗin daɗawa, ƙasashe da yawa da ake gasa a cikinsu sukan cire nasu harajin tun kafin kuɗin su bar ƙasar, don haka idan gida ma ya sake yanka ba tare da duba wancan ba, an yi wa rago ɗaya fiɗa biyu. Abin da ya dace shi ne a fara cire ɗawainiya, a rarraba saura a kan shekaru, a kuma lissafa abin da aka riga aka biya a waje.

Wanda yake zaton 'yan wasa ba sa lissafin irin wannan, ya dubi Ingila. Dokarta tana neman kaso har daga kuɗin tallan da baƙon ɗan wasa ke samu a duniya, gwargwadon kwanakin da ya yi a ƙasar. Saboda haka Usain Bolt na Jamaika ya ƙaurace wa gasannin Landan tun daga 2010, bai dawo ba sai da aka yafe harajin don gasar Olamfik ta 2012. Rafael Nadal na Sifen ma ya bar wata gasar tanis ta Landan a 2012 ya koma ta Jamus, ya kuma faɗi dalili. Ingila ta nemi kaso, ta rasa kason, ta rasa 'yan kallo, daga baya ta dawo tana yafewa gasa bayan gasa.

Mu da muka yi karatun zaure ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dukiyar da ta shigo wa mutum ta hanyar kyauta ko gado, wadda malamai ke kira fa'ida, ba a fitar mata da zakka ranar da ta shigo. Sai ta cika nisabi, ta kuma shekara a hannunsa, sannan a fitar da ɗaya cikin arba'in. Idan bukata ta cinye ta kafin shekara, babu kome a kansa. Gidan da mutum ke ciki da dokin hawansa da kayan aikinsa ba su da zakka. Na san haraji daban, zakka daban, kuma ban ce a mayar da ɗaya ɗayan ba. Abin lura shi ne ma'aunin: ana duban abin da ya tabbata ya yi saura, ana kuma ba mai dukiya lokaci ya numfasa. Tarihinmu ma cike yake da wannan darasi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. A Kano da Kaduna gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a 1979. A nan gida Thomas Sankara ya soke lamhon kai, wanda Turawa suka bari, a 1984. Duk waɗannan ba su ce kada a tara wa ƙasa kuɗi ba. Abin da suka ƙi shi ne harajin da ke faɗawa inda bai dace ba.

Yanzu ga hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa tun Janairun 2023 aka kafa Asusun Tallafin Kishin Ƙasa. Ana cire wani abu a kan abin sha da taba da katin waya. A farkon 2024 aka fara cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata, da kashi 25 na wasu ladaddakin ma'aikatan gwamnati. Mai sayar da goro na biyan fatanti da kuɗin rumfa, mai kawo kaya daga Lome na biyan duwan, kowa na biyan kashi 18 na harajin saye a kan kayan kanti. Soja kuwa da ransa yake biya. To don me za a ware mai tsalle a rairayi? Tambaya ce ta mutunci, kuma ba mai hankalin da zai haɗa tsalle da tsayuwa a bakin daga.

Amsa ita ce ba a ware shi ba. Ɗan wasa na sayen katin waya, yana sayen mai, yana biyan duk abin da muke biya a kanti. Idan kamfani ya ɗauke shi talla, ya biya haraji cikakke, ba ragi. Idan ya gina gidan haya ko ya buɗe shago, ya biya kamar maƙwabcinsa. Idan yana da albashi, a cire masa kashi 1 ɗin nan kamar kowa. Duk ɗan wasan da ya fake da tutar ƙasa don ya ɓoye ribar kasuwanci, ni ne na farko da zai ce a bi shi. Abin da nake karewa ƙanƙane ne: lambar, da kyautar girmamawa, da sassauci a kan kuɗin gasa. Mu kuma auna abin da baitulmali zai rasa. Ko da an yanki rubu'in kyautar Budafest, wajen sefa miliyan goma ke nan, sau ɗaya, kuɗin da bai kai farashin fili ɗaya mai kyau a wannan unguwa ta Waga 2000 ba. Lambar Olamfik ɗaya muka samu a shekara 49. Nijar ta samu tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, ba ta sake ganin wata ba sai azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a 2016, bayan shekara 44. Rijiyar da ke kawo ruwa sau ɗaya a rabin ƙarni ba a gina kasafin ƙasa a kanta.

Abin da za a rasa idan aka yanka shi ya fi girma. Ɗan wasa mai hazaƙa yana da masu zawarci. Francis Obikwelu ɗan Najeriya ne, amma azurfar gudun mita 100 da ya ci a Atan a 2004 Fotugal ya ciwo wa. Glory Alozie ta koma Sifen, Femi Ogunode ya koma Katar, Salwa Eid Naser ta koma Bahrain. Ba haraji ne ya kore su ba, riƙon sakainar kashi ne da ganin inda aka fi daraja guminsu. Zango ya yi shekaru a Faransa, can ya yi karatu, can ya yi horo, amma rigar Burkina ya sa. Yaron da ke gudu yau a filin makaranta a Wagadugu yana kallon yadda za a yi da wanda ya riƙe amana, kuma da abin da ya gani zai yanke shawara ranar da wata ƙasa ta miƙo masa fasfo.

Hasali ma ciwon yankinmu a wannan fage shi ne alkawarin da ba a cikawa. Chioma Ajunwa ta ciwo wa Najeriya zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996, gidan da aka yi mata alkawari bai zo hannunta ba sai 2021, bayan shekara 25. 'Yan ƙwallon da suka ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, sai a 2021 aka amince a ba da yawansu gidajen da aka alkawarta, lokacin wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, sai a 2016 aka ba su tukuicinsu. Alkawari kaya ne. Hukumar da ke iya jinkirta kyauta shekara 25 ba ta da fuskar neman kasonta cikin wata guda. Wanda ke son gyara a harkar kuɗin 'yan wasa, ga inda zai fara.

Wani zai ce mu 'yan Zango me ya shafe mu, mu da ba mu da ɗan Olamfik? Ya shafe mu, domin doka ba ta san suna ba. Idan aka yarda cewa kyautar bajinta samu ce kamar albashi, ba za ta tsaya a kan Zango ba. Za ta sauko kan 'yan kokawar ƙasar Samo, wajen Toma da Tugan, da masu tseren keke na Tour du Faso da ake yi tun 1987, da Iron Biby na Bobo wanda ya ɗaga gungumen kilo 229 a 2021 ya kafa tarihin duniya. A Nijar, inda danginmu suke, ana kokawar takobi tun 1975 da aka fara a Tawa, kuma wanda ya ci yakan tashi da takobi da kuɗi da kyaututtukan masu hali. Kyautar irin waɗannan fagage sau da yawa kaya ce: babur, sa, buhunan hatsi, fili. Haka abin yake a musabaƙar Alƙur'ani, irin wadda aka fara a Sakkwato a 1986 ta bazu ko'ina, inda yaro ko yarinya kan ci mota ko kujerar Makka. Ofishin lamho ba ya karɓar ƙafar sa ko tayar babur, kuɗi yake karɓa. Wanda aka ƙiyasta wa kyautarsa alhali ba shi da tsaba, sai ya sayar da kyautar ya biya. Ɗiyanmu ne waɗannan, kuma su ne ba su da lauya ko akawun da zai kare su.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, mu kuma isar ta bakin shugabanninmu da ƙungiyoyin wasanni da duk wanda ke da kunnen hukuma. Dokar kuɗi ta ƙasa ta faɗa ɓaro-ɓaro, cikin lafazin da ba ya bukatar fassarar wani ma'aikaci, cewa lambar yabo da kofi da takobi da duk kyautar da ƙasa ko jiha ko gari suka bayar don girmama bajinta ba su da haraji, ko ta kuɗi ce ko ta kaya. Kuɗin gasa a cire musu ɗawainiya, a rarraba su a kan shekara huɗu ko fiye, a lissafa abin da aka biya a waje. A sa iyaka irin ta Amurka, gwargwadon arzikinmu, yadda wanda ya zama attajiri na gaske zai fita daga rangwamen. A kuma rubuta adadin kyautar kowace lamba da wa'adin biyanta tun kafin a tafi gasa, don kada ta zama abin roƙo. An tsara gasar Olamfik ta matasa a Dakar a 2026, karo na farko a Afirka, ta Los Anjeles kuma a 2028. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan wasa, manya da masu tasowa, wannan kariya ba lasisin rowa ba ce. Wanda jama'a suka tsaya wa, su ma suna da hakki a kansa. Ku biya abin da ya hau kanku na kasuwanci ba tare da an bi ku ba, ku fitar da zakka idan ta wajaba, ku tuna da filin da kuka fara da yaran da ke gudu a cikinsa ba takalmi. Wanda ya ga dama ya kai wani abu Asusun Kishin Ƙasa da hannunsa, wannan tukuici ne, kuma ya fi abin da za a ƙwata daraja a idon mutane da wurin Allah.

Masu wancan ra'ayi 'yan'uwanmu ne, kishin ƙasa ne ya sa su magana, kuma filin amsa a buɗe yake a ƙarƙashin wannan rubutu, da hujja da ladabi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kare dakarunmu, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya yi wa 'ya'yanmu albarka a duk fagen da suka shiga.